Jan Layi a Wuyan Yero

Sharhabilu taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, don haka duk abin da zan faɗa a kansa babu mai kai ni ƙara. Tun muna yara nake tsokanarsa yana ramawa. Yanzu furfura ta cinye masa gemu, ni kuma haƙoran gaba sun fara yi mini sallama, amma ba mu fasa ba. A Batsari in ka ce Sharhabilu sai an tambaye ka wanne, in kuwa ka ce Sharu Mai Fenti, ko ɗan acaɓan da ya zo garin jiya zai sauke ka a ƙofar rumfarsa. Shi ke rubuta sunayen shaguna, shi ke zana zaki da dawisu a bayan motocin hatsi. Ni sunana Hansai, fura nake damawa a bakin kasuwa, kuma rumfata na kallon tasa.

A wani ƙauye aka haife mu can bayan Ruma, dab da daji. Ubansa manomi ne na gaske, irin waɗanda ke ganin duk hannun da bai yi kanta ba hannun banza ne. Sai Allah ya haɗa shi da ɗa mai yawo da gawayi a aljihu. Babu rumbun da Sharu bai ɓata ba a gidan nan. Ya zana jaki, ya zana zakara, rannan ya zana kawunsa yana hamma, kowa kuwa ya gane shi sarai. Ya sha dukan da har yau yake ba da labari.

Abin da ya lalata shi, in ji uban, wani gwangwanin biskit ne. Uban da kansa ya kawo shi daga Kaduna wata shekara da ya je cin rani, babu ko ɓurɓushin biskit a ciki, gwangwanin kawai aka ba shi. Goggo, mahaifiyarsa, ta mai da shi ma'ajin allura da zare. A jikin murfin akwai hoton wani titi na Turawa, mutane maƙil, ana shagali. An yi wa wani sarautar wasa, an sa masa hular takarda, an ɗora shi a amalanke ana turawa. Wasu sun rufe fuska da fuskar aro mai dogon hanci, wani ƙato ya ɗaura zanen mata yana rangwaɗa. Wata tsohuwa na toya wani abu kamar waina a bakin ƙofa, kare ya fizgi nama ya ruga, wata mata na jan mijinta da kunne zuwa gida. Can a lungu wani ya juya wa jama'a baya yana yi wa bango abin da bai kamata ba.

Sharu yakan sace murfin ya shige bayan rumbu ya yi ta kallo har Goggo ta nemi allura ta gano. Wata rana ya jawo ni ya ce, "Hansai, duba da kyau. Wanga ai kalankuwarmu ce, tufafin ne kawai daban." Abin da ya fi shiga ransa shi ne babu wani babba a tsakiyar hoton. Kowa harkar gabansa yake yi, kuma mai zanen bai raina kowa ba, har karen ya ba shi haƙƙinsa.

Sai da muka manyanta muka san asalin abin. 'Yarsa Nusaiba, da ke karatu a Dutsin-ma, ta ɗauki hoton murfin da waya ta bincika. Ta ce irin zanen mutanen Filandas ne, wani yanki a ƙasar Beljiyam, na wajen shekaru ɗari huɗu da suka wuce. Su ma suna da nasu azumin, kafin su shiga sai su fito titi su ci su sha su yi ta hauka, masu zanen garin kuma su zauna su zana su yadda suke. Sharu ya gyara zama ya ce shi dama ya sani. Na ce masa ƙarya yake yi, Kaduna ya ɗauka.

Kalankuwar da yake nufi kuwa, wanda bai gan ta ba an yi ba shi. Da an gama kai amfanin gona gida sai a share fili. 'Yan dambe su zo, 'yan kokawa su zo, 'yan kama su sha rawunan tsumma su yi ta wa'azin tuwo da miya har cikin mutum ya ƙulle don dariya. Samari su naɗa nasu sarkin da alƙali da ɗan doka, su yi ta kama dattawa suna yi musu shari'ar wasa. Fulanin rugagen da ke kewaye da mu kuwa wurinsu sananne ne, gindin wata babbar tsamiya a gefen fili, nan samarinsu ke sharo, matansu na jere da ƙore. A cikinsu akwai Yero, sa'an Sharu, wanda shanun gidansu ke kwana a gonar su Sharu duk rani don taki. Tare suka taso. Da Yero ya yi aure, matarsa Mero ce ta zama mai kawo mini nono tun ranar da na fara dama fura.

Abin da ya tashe mu daga ƙauyen ba sai na tsaya dogon bayani ba, duk wanda ke ƙasar nan ya sani. Mun fito da abin da kai zai iya ɗauka, muka bar sauran. Su Yero ma ɓarayin dajin ba su ƙyale su ba, sun kore musu mafi yawan shanu, sun kashe masa ƙane. Amma su ba su da damar shigowa gari irin tamu, don lokacin duk wanda aka gani da kamar Fulani ba a tsayawa tambayarsa. Suka koma wata ruga kusa da Zakka. Shekaru ina dama fura da nonon madarar gari, ina sayarwa ina jin kunya, don ni na san ba fura ba ce.

Bayan da aka yi sulhu, wata ranar kasuwa ina tsugune ina wanke ludayi sai na ji sallama da muryar da na sani. Na ɗaga kai, ga Mero da ƙwarya a ka, ta rame ta yi duhu. Ban san lokacin da na rungume ta ba, muka yi ta kuka a gaban mutane. Daga nan suka ci gaba da zuwa, amma a ɗarare. Mero ta sauke mini nono ta juya kafin la'asar. Yero ya tsaya can gefen kara, kasuwar shanu, ya gaisa da Sharu a tsaye, ko ruwa ba ya zama ya sha.

A wannan tsakanin ne Nazifi mai shayi ya ja dogon bango a bayan teburinsa, ya sha filasta sumul. Ya kira Sharu ya rubuta masa suna, ya zana kofi da burodi. Sharu ya tsaya yana kallon bangon nan kamar mayunwaci ya ga akushi, ya ce, "Nazifi, bar mani shi duka." Nazifi ya ce ya je ya yi abin da ya ga dama, in dai sunansa zai fito.

Kalankuwar ƙauyenmu ya zana, daga ka, da ragowar fentin motoci. In ya gama aikin mutane sai ya dawo bangon da gwangwanayensa. Da farko ba wanda ya kula. Sai rannan wani dattijo ya ajiye kofin shayi ya miƙe ya ce, "Kai! Wancan mai rawanin tsumman ai wana ne!" Shi ke nan, wuri ya zama wurin kallo. Duk ɗan ƙauyenmu da ke Batsari sai da ya zo neman kansa, kuma ya samu. Ni ya zana ni baki buɗe, na ɗaga ludayi ina faɗa da mai saye, na ce masa Allah ya isa, ya ce shi bai taɓa ganina baki rufe ba balle ya san yadda zai zana. Ya sa masu rai, ya sa waɗanda suka riga mu. Matan da ba su taɓa bi ta gaban mai shayi ba suka riƙa zuwa da hijabansu, su tsaya jim su kalli mazansu suna dariya a bango, su share ido su wuce.

A can ƙarshen bangon ta hannun dama ya kafa tsamiyar, ya jera Fulani a gindinta. Ga Yero da ƙuruciyarsa, sanda a kafaɗa, ga Mero da ƙwarya, ga tsohonsu, ga ƙanen da aka kashe ya ɗaga hannu a filin sharo. Da aka jawo Yero ya gani, ya daɗe tsaye yana kallo, sannan ya juya ya tafi. Kasuwar da ta zagayo sai ga shi ya zo da kansa, ya zauna a bencin Nazifi, ya ce a haɗa masa shayi. Ni da ke hangensa daga rumfata sai da na ce alhamdu lillahi a fili.

To, Sharu mutum ne mai tsoron Allah har da ƙari. Wani mai wucewa ya jefa masa magana, wai ranar ƙiyama za a ce ya hura wa duk waɗannan rai, ya ga ta yadda zai yi. Shekarunsa yana zana zaki bai damu ba, amma wannan gari guda ne na mutane. Abinci ya daina shiga masa. Ya tafi wurin Malam Hashimu, limamin masallacin unguwarmu, tsoho mai sanyin hali, ya ce masa ya yi wani zane mai mutane, zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Malam bai taɓa ganin bangon ba, shi ba mai zuwa teburin shayi ba ne. Ya ce masa malamai sun yi saɓani a kai, amma in yana son ya huta, akwai waɗanda suka ce in aka ja layi aka raba kai da gangar jiki, sura ta tashi daga cikakkiya.

Bai gaya wa kowa ba, har ni. Ranar na tashi daga kasuwa da wuri, ban ga komai ba, daga baya na ji yadda aka yi. Bayan azahar ya ɗauko siririn buroshi. Ya gwada baƙin fenti ya ga ba ya fitowa a wuyan mutanenmu, sai ya buɗe ja. Ya fara daga dama kamar mai rubutun allo. Ya bi Fulanin gindin tsamiya ɗaya bayan ɗaya, ya gama da su, yana shirin tsallakawa wurin mahauta sai ga ɗan acaɓa da saƙo: surukinsa, mahaifin matarsa Uwani, ya rasu a Safana, jana'iza bayan la'asar. Ya tsoma buroshin a kananzir ya hau bayan mashin.

Da safe na tarar da cincirindo a wurin Nazifi. Na kutsa na duba. Gari guda na shagali, kowa wuyansa lafiya lau, sai Fulani kaɗai, tun daga tsoho har Mero, kowa da jan layi a maƙogwaro. Wasu na cewa aikin 'yan sa-kai ne, gargaɗi ne. Wasu marasa hankali na dariya suna ɗauka da waya. Kafin hantsi hoton ya gama wayoyin garin, ya fita. Nazifi ya rikice ya rataya tabarma a kai, abin ya ƙara muni, don yanzu kowa sai ya ɗaga ya leƙa. Ni da farko na ɗauka wani ɗan iska ne ya yi. Da na matsa kusa na ga yadda layin ya tafi siriri, miƙe, babu rawar hannu, na san a duk Batsari mutum ɗaya ke da wannan hannun. Na kira wayarsa har na gaji, ba ta shiga.

Ranar kasuwa ta zo, Mero ba ta zo ba. Ba ita kaɗai ba, ko Bafulatana ɗaya ba a gani ba, kara kuma fayau. Wani mai sayen awaki da ya biyo ta Zakka ya ce mini a rugar su Yero ana ta ɗaure kaya, sun yi cinikin motar da za ta kwashe su zuwa kudu, ba kuma da niyyar dawowa ba. Na rufe furata da faifai, na bar wa maƙwabciya, na tare mashin sai Safana.

Na sami Sharu a kan tabarma cikin masu zaman makoki. Sai da na shiga ciki na yi wa Uwani da 'yan uwanta gaisuwa yadda ta kamata, na fito na durƙusa na gai da dattawa, aka yi addu'a aka shafa. Sannan na aika aka kira mini shi bayan gida.

Na ce, "Sharu, mi Yero ya yi maka?"

Ya ce, "Yero kuma? Lafiya?"

"Mi ya yi maka da ka yanka shi, shi da matarshi da ubanshi, a gaban duk Batsari?"

Ya yi mini kallon wanda bai gane ba, can sai ya yi 'yar dariya. "Au, layin? Ai Malam ne ya ce. Kowa zan yi mawa, har ke. Rasuwar ga ce ta katse ni." Ya kwashe yadda suka yi da Malam ya gaya mini, hankalinsa kwance.

Na ce, "Kai wane irin mutum ne? A ƙasar da aka yi wa mutane yankan rago, ka rasa abin da za ka ja sai jan layi a wuya? Ka kuma fara da su, ka tsaya a kansu? Suna can suna ɗaure kaya!"

Na ga maganar ta shige shi a hankali. Fuskarsa ta sauya, ya zauna daɓas a ƙasa da farar rigarsa. Shi duk tunaninsa na lahira, ko sau ɗaya bai tsaya ya kalli abin da idon mai wucewa ba. Raina a ɓace yake, amma sai ya ba ni tausayi. Na ce ya tashi, ba lokacin zama ba ne.

Daga Safana zuwa Zakka ba nisa. Mun isa rugar rana ta karkata. An riga an yaye wasu bukkoki, ga ƙore an jera an ɗaure cikin raga, ga tabarmi a naɗe. Yero ya fito ya tarbe mu, ya shimfiɗa mana buzu. Ya gaishe mu gaisuwa cikakkiya, ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya yi wa Sharu ta'aziyya, bai tsallake komai ba, kuma bai kalli idonsa ba ko sau ɗaya. Ban taɓa jin gaisuwa mai ciwo irin wannan ba.

Sharu ya fara magana yana haɗa kalmomi da ƙyar. Yero ya ciro waya daga aljihu ya ajiye a kan buzu, hoton na fuskarta.

Ya ce, "Yara sun ce mani 'yan sa-kai ne. Na ce masu a'a. Na san hannunka, Sharhabilu."

Sharu ya ce, "Hannuna ne, ba ni musu. Amma wallahi ba abin da kake zato ba ne." Ya ba shi labarin mai wucewa, da Malam, da maganar hura rai.

Yero ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To, mu kaɗai Allah zai tambaye ka?"

"Daga dama na fara, Yero. Ku ke dama."

Yero ya ɗauki wayar ya sake duban hoton. Mero na zaune kusa da ni, ta kama gefen mayafina tana murzawa. Can Yero ya ce, "Ran da na zamna na sha shayi a wurin nan, na dawo na ce ma Mero mun koma mutane. Yanzu ɗiyana sun ga wuyan uwarsu. Mi zan ce masu?"

Sharu ya matsa gaba, idonsa ya kawo ruwa. "Ka zo gobe. In ba ka buroshin da hannuna, ka ja wa duk sauran. Ka fara da ni, ina nan cikin hoton."

Nan ne Yero ya ɗago ya dube shi. "Ni Bafulatani in tsaya tsakiyar Batsari ina ja ma Hausawa jan layi a wuya? Ashe haukan naka bai ƙare ba. Ko ba mai taɓa ni, ba ni sa hannu a wuyan kowa, ko na bango ne." Ya mayar da wayar aljihu ya ce mota jibi za ta zo, zai kwana da maganar. Da haka muka taso, bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Washegari da sassafe Sharu ya je ya durƙusa gaban Malam Hashimu. Tsohon nan ya ɗauki sandarsa ya tako har teburin Nazifi, ya sa aka cire tabarmar. Ya bi bangon da kallo tun daga wannan ƙarshe har wancan, ya zo kan tsamiya ya tsaya yana salati. Ya juyo ga jama'ar da ta taru ya ce laifin nasa ne, shi ya ba da amsa bai ga abin da ake tambaya a kai ba. Ya ce a mazhabarmu zanen da ke shafe a bango, wanda ba shi da inuwa, bai kai haramun ba, shi dai ya so ya fitar da bawan Allah daga saɓani ne. Amma tsorata maƙwabci har ya bar gidansa, wannan babu malamin da ya yi saɓani a kansa. Ya ce a goge. Nazifi ya ɗauki maganar duka da waya, ya tura ta duk inda hoton ya bi.

Sharu ya sa reza ya kankare layukan a hankali. Jan ya fita, amma ya tafi da fentin ƙasa, sai ga farar filasta a wuyan kowa. Ya zauna haɗa launin fata. Wanda ya yi amfani da shi da farko ya daɗe da bushewa. Ya haɗa ya shafa a wuyan Yero na bango, ya yi duhu. Ya ƙara fari, ya yi fatau. Ya ƙara ja, ya koma kamar tukunya. Mutane na tsaye, babu mai tsokanarsa, ko ni.

Ni kuwa na kirɓa fura tun safe, na mulmula, na jera, babu nonon damawa. Ban sayi na madara ba, na ce in jira. Duk motar da ta taso daga hanyar Safana sai na miƙe. Hantsi ya wuce, aka kira azahar, aka sallame. Na fara cewa a raina shi ke nan, sun tafi, kuma ba zan ce sun yi laifi ba.

Sai ga wata a-kori-kura ta tsaya a bakin kasuwa. Na leƙa bayanta ina neman tabarmi da raga, ban ga komai ba sai buhunan wani mai gyaɗa. Mero ce ta fara saukowa, ta juya aka miƙo mata ƙwarya. Yero na bayanta. Na koma kan kujerata na zauna. Mero ta zo ta dire ƙwaryar a gabana ta ce, "Ga shi, na yau ne. Kar ki ce ya yi tsami."

Yero bai tsaya ba, ya miƙe sai teburin Nazifi, muka bi shi. Mutane suka dare. Ya yi sallama, ya gai da Malam da ke zaune a benci, sannan ya tsaya gaban tsamiyar ya ƙura wa wuyansa ido, duk dabbare-dabbaren gwaji. Sharu na tsugune da gwangwani a hannu, ya kasa ɗagowa.

Yero ya ce, "Wanga ba launina ba ne. Har ka mance ni haka?"

Sharu ya ce, "Na haɗa ya ƙi."

"To ina za ya yi, kana haɗawa da ka? Taso ka duba."

Ya jingina sandarsa da bango. Ya sa hannu ya warware rawanin da ya naɗe har haɓa, ya saɓa shi a kafaɗa. Ya matso dab da Sharu, a tsakiyar mutanen Batsari, ya ɗaga haɓarsa sama ya bar wuyansa a buɗe. Sharu ya miƙe, ya dangwali fenti, ya kai buroshin kusa. Ya ɗiga kaɗan a gefen maƙogwaron Yero, ya ja baya ya duba, ya ƙara ɗigon rawaya a gwangwani ya juya, ya sake kai hannu. Hawaye na bin gemunsa bai ma sani ba.

Yero bai sauke haɓa ba, idonsa na sama, ya ce, "Yi maza, Sharu, ina jin cakulkuli."